Usur Ɗin Malam Nata'ala Ya Yi Shiru

Ana sanar da jama'ar Yakasai da Dala, har zuwa Ƙofar Kabuga, cewa daga wannan mako duk mai son komawa barci bayan sallar asuba yana iya komawa hankali kwance. Usur ɗin nan da ya shekara ashirin da biyu yana huda mana kunne ya yi shiru. Ni da na fi kowa ƙorafi a kansa, yau kwana shida ke nan ina farkawa a daidai lokacinsa, in zauna bakin gado ina sauraren abin da ba zai zo ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Disamba, 2014, da hantsi, Allah Ya yi wa Malam Nata'ala Isiyaku rasuwa a gidansa da ke Yakasai, bayan jinyar kwana uku. Shi ne malamin wasanni na kwalejinmu, ƙaramar kwalejin horon malamai da attajiran cikin gari suka kafa, ni kuwa magatakardanta ne. Katangarmu ɗaya da shi a unguwa, ofisoshinmu suna kallon juna a makaranta, amma shekara biyu da rabi ke nan ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Malam Nata'ala, ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki gudu da muhimmanci kamarka ba, alhali kai kanka tun da na san ka ban ga ka yi sauri ba. A kan tsohon kekenka kake, usur a baki, agogon awon gudu a wuya, samari goma sha biyu suna haki a bayanka daga Yakasai su zagaya gindin Dala su miƙe har Kabuga. In sun dawo, matarka Hajiya Mero ta riga ta dama kunu a babbar roba. Mun sha yi maka tsiya cewa albashinka ba gidanka yake shiga ba, ƙafafun 'ya'yan mutane yake shiga. Takalman da ka kai wa mai gyara da hannunka, Allah kaɗai Ya san yawansu.

Sai ga shekarar 2012. Wanda bai zauna a Kano a lokacin ba ba zai gane abin da kalmar gudu ta koma ba. Bayan tashin bama-baman Janairu, in mutum ɗaya ya ruga a kasuwa, kasuwar ce gaba ɗaya za ta watse. A irin wannan hali ne ka fito da samari goma sha biyu suna sheƙa gudu da duku-duku suka nufi shingen bincike. Kafin ka ƙaraso a kekenka an tare su, an sa su tsallen kwaɗo. Ka sauka a natse, ka duba agogonka, ka ce wa shugaban masu tsaron: "Ranka ya daɗe, tsallen nan sai ranar Alhamis muke yin sa, amma tunda an fara, a ƙara musu ashirin." Mutumin ya yi dariya har ya jingina da buhun yashi. Daga ranar ka riƙa bin shingayen nan ɗaya bayan ɗaya kowace la'asar kana sanar da su, da safe kuma ka shiga gaba kana busa usur, don duk mai bindiga ya san waɗannan masu gudun ba abin da ya koro su.

Ka shawo kan masu bindiga. Masu biro ne suka gagare ka.

A watan Afrilu kwamitin kwaleji ya zauna. Aka ce dole a ƙara tsawon katanga, a ɗora waya mai ƙaya, a sayo na'urar binciken mutane a ƙofa. Aka duba inda za a yanka, sai ido ya faɗa kan tallafin 'yan gudu: yafe musu kuɗin makaranta, da gado a ɗakin kwana, da abinci sau biyu. Ba a taɓa 'yan ƙwallo ba, domin ana zuwa kallon ƙwallo, kuma manya suna son a ɗauke su hoto da kofi. Shugaban kwamiti ya ce, "A zamanin nan kowa ma gudu yake yi kyauta, don me za mu biya wani ya yi?" Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, na kuma ɗaga hannu tare da masu ɗagawa. Na'urar da aka sayo kuwa wata biyu ta yi tana kuka a kan makullan malamai, sannan ta mutu. Har yau tana nan a ƙofa, maigadi yana rataya hularsa a kanta.

Ba ka yi hayaniya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ka yi faɗa da mun san yadda za mu yi da kai. Sai ka koma ofis ka fara rubuta wasiƙu zuwa ga tsoffin abokan karatunka da ke koyar da wasanni a wasu kwalejoji, wasu a Arewa, wasu can Kudu. Cikin wata biyu, goma daga cikin goma sha biyun sun sami gurbi. Ni a wurina wannan cin amana ne. Mu muka same su ba su san inda ake sa ƙafa a layi ba, mu muka raine su, yanzu za su je su ciyo wa wasu kofi da rigar wata makaranta. Na faɗa a ɗakin malamai, na maimaita a majalisar unguwa, cewa Nata'ala ya ɗauki fushi ya wargaza abin da ya gina da hannunsa.

Na ƙarshensu shi ne Ari Mustapha, mai mita ɗari huɗu, wanda kake ba sandar ƙarshe a tseren miƙa sanda. Jikan wata tsohuwa ne, Ya Kaka, cikin Barebarin Dala masu sana'ar hula, waɗanda kakanninsu suka zo Kano tun kafin a haifi kakana. Da hanyar Maiduguri ta zama abin tsoro, cinikin gidansu ya tsaya cik. In babu tallafi, karatun Ari ya ƙare a shekarar farko. Wata kwaleji a Kudu ta ce za ta ɗauke shi da duk abin da muka janye, in dai takardar sakamakonsa ta iso kafin ƙarshen Yuni. Takardar nan kuwa sai da sa hannuna.

Na sa ta a aljihun tebur na kulle. Na ce ana bin ƙa'ida. Na karanta littattafai da yawa, don haka ba na rasa kalmar da zan lulluɓe ƙeta da ita.

Mako uku kana zuwa kana zama a bencin ƙofar ofishina. Ba ka roƙe ni ba, ba ka zage ni ba. In na fito sai ka duba agogon wuyanka kamar mai auna ni. A rana ta ashirin na kira ka ciki, na buɗe babbar rajistar ɗalibai, na nuna maka abin da na rubuta a gaban sunan kowane ɗaya daga cikin taran da suka tafi: *ya gudu*. Na zaci zai yi maka zafi. Ka gyara tabarau ka karanta, ka ce:

"Malam Maharazu, to me na koya musu in ba gudu ba?"

Na ce ba wasa nake yi ba. Ka ce kai ma haka. Ka ce ɗan ƙwallo in makaranta ta sake shi, akwai kulob a kowane lungu. Ɗan gudu kuwa ba shi da kowa sai makaranta, ƙafarsa kuma shekara huɗu ko biyar ce, ba ta jiran kwamiti ya sake zama. Sannan ka ce, "Ka taɓa kallon tseren miƙa sanda har ƙarshe? In numfashin mai sanda ya ƙare, miƙawa yake yi. In ya riƙe don yana son sandar, su huɗun duka sun faɗi. Namu numfashin ya ƙare, Malam. Sake yaron nan."

Na sa hannu, amma ba don ka gamsar da ni ba. Washegari ne Ya Kaka ta zo da sandarta ta zauna a kan bencin nan naka, ta ce ba ta da abin faɗa, ta zo ne kawai ta ga fuskar mai makullin. Ban iya jure kwana biyu na wannan kallo ba. Na sa hannu, na kuma ɗauko rajista na rubuta wa Ari abin da na rubuta wa sauran. Daga ranar na rage maka magana. Kai kuwa ba ka fasa busa usur ba, ko da 'yan gudunka suka koma biyu, ko da aka mai da rabin filinka wurin ajiye motoci.

Ranar sadakar uku na ga abin da ban shirya gani ba. Takwas daga cikin goman nan sun zo, wasu sun kwana biyu a mota suna sauka a kowane shinge. Ari yana cikinsu, ya gama jarrabawarsa ta ƙarshe, ya ce a makarantar firamare ta unguwarsu yake so ya koyar. Su biyun da suka tsaya mana, waɗanda nake yabo da biyayya, ɗaya ya bar karatu tun bara yana tuƙa Adaidaita Sahu, ɗayan kuma kai kake ciyar da shi ban sani ba, sai a bakin Hajiya Mero na ji. Shugaban kwamiti ma ya zo, ya yi jawabi mai daɗi, ya ce za a sa wa filin wasa sunanka. Ban san ko motocin za a gaya wa ba.

Allah Ya jiƙan ka, Malam Nata'ala. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane kofin kunu da kowane takalmi su tarar da kai a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Mero, da 'yarka Hassana da ƙannenta, da Ya Kaka da ta ce ɗa ta rasa, da dukkan 'yan gudunka na kusa da na nesa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kawo wa garinmu zaman lafiya, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya na buɗe rajistar nan. A wuri goma na soke *ya gudu*, na rubuta *an miƙa shi*, na sa hannu da kwanan wata. Ni ne na yi kuskure, Malam. Ƙofarka taku goma ce daga tawa, amma na kasa isowa a kan lokaci.