Bishiyar Zogale a Tashar Wudil

An kwashe wa Ikilima ɗanyen zogalen da za ta dafa ta yi kwaɗon sayarwa, kuma wanda ya kwashe yana nan tsaye a gabanta a tashar Wudil, ya ƙame kamar an dasa shi.

Dogo ne siriri, sanye da kaya masu dabbare-dabbare irin na soja, sababbi fil, tun daga hula har safa. Ya soke ganyen a hula, a aljihu, har bayan kunne. Direbobi sun ce farautar gada za shi wajen Darki, kayan yake gwadawa tukuna. Daga ganin hannunsa sumul, Ikilima ta san bai taɓa shiga ƙaya ba. Ƙila ma'aikacin ofis ne da kujera ta gundura. Turaren da ya fesa kuwa, ko gada mai mura za ta jiyo shi tun daga ƙetaren kogi.

"Malam, ba ni zogalena."

Shiru. Ai bishiya ba ta magana.

"Bawan Allah, ina fa ganinka!"

Ya raɗa ta gefen baki: "Ba kya ganina, Hajiya. Ƙamshi kike bi."

Yanzu haka wata akuya ta dafa cinyarsa tana cin na aljihu. Bai kore ta ba, murmushi ma yake yi, wai kaya sun yi aiki.

Shugabannin tasha, ku zo ku tumɓuke wannan bishiya, ku mayar wa Ikilima abin da ya rage. In ku ma ba kwa ganinsa, ku bi akuyar.