Ranar da Aka Ƙone Irin Kusbarar Iya

Har yau in na ji ƙamshin kusbara a kasuwa sai raina ya ɓaci, kuma ba da mai sayarwa nake ba.

A gidanmu na Unguwar Shanu, tsakanin ɗakin girki da katanga, akwai wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Nan ne lambun Iya, kakata ta wajen uba. Ba ta shuka komai a ciki sai kusbara. Irin ma ba na kasuwa ba ne. Mahaifiyarta ce ta ƙulla mata shi a tsumma ranar da za a kawo ta Kaduna daga Zariya, kuma tun daga lokacin, kowace shekara daga abin da ta shuka take cire na baɗi. Da sanyi ya shigo sai ta zuba 'ya'yan a faifai, ta murza su da gindin kwalba har kowanne ya rabe biyu, ta jiƙa su kwana ɗaya, sannan ta yafa. Ni ce mai ban ruwa safe da yamma, ina 'yar shekara tara. In na kwarara da ƙarfi sai in ji muryarta ta taga: "Ke Ladidi, wanka kike mata ko ban ruwa? Yayyafa da hannu, sarauniyar gaggawa!"

Layin da ke jikin katanga ba a tsinkar ganyensa ko da miya za ta kwana lami. Shi ake bari ya yi tsawo, ya yi farin fure, ya yi 'ya'ya, ya bushe a tsaye. Wanda bai sani ba zai rantse busasshiyar ciyawa ce. Ni kuwa na sani sarai. Na kuma san a shekarar kaji sun tone shukar farko, Iya ta juye ragowar irin duka ta sake yafawa, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage a tsumma ba.

Lokacin mulkin soja ne, Asabar ɗin ƙarshen wata dole kowa ya fito shara, 'yan duba-gari suna bi gida-gida. Iya ta kwana a Badarawa wajen suna. Sai ga Baffa Sani, ƙanen babana, autan Iya, wanda bai daɗe da samun aikin ofis ba, yana ta ji da kansa. Ya zagayo da fartanya, ya tsaya kan layin katanga ya ce, "Wannan wace irin ƙazanta ce? So ake a kunyata mu a unguwa?"

Ina tsaye da bokiti, taku uku tsakanina da shi. Saura kwana biyu Iya ta girbe. Wallahi na buɗe baki, sai na tuna abin da aka yi ta cusa mana tun muna rarrafe: yarinya ba ta gyara wa babba, in babba na magana ki sunkuyar da kai. Na sunkuyar. Ya tuge su tas, ya haɗa da sharar ƙofar gida, ya ƙyasta ashana. Ƙamshi ya cika layinmu, har wata maƙwabciya ta leƙo tana tambaya wa ke girkin biki.

Da azahar Iya ta dawo. Ta daɗe a tsaye gaban katangar, ta dube ni, ta shige ɗaki. Babu wanda ya gaya wa Baffa abin da ya yi. Innata ba za ta tanka wa ƙanen miji ba, babana ya ce a bar maganar, ita kuma Iya ba za ta tozarta ɗanta mai gemu ba a kan ganye. Gida guda, kowa ya ɗinke bakinsa. Kai, Allah ya sawwaƙe!

Bayan magariba muka kewaye kaskon wuta kamar kullum, mu da yaran maƙwabta. Iya tana tona garwashi da tsinke, ta ce, "To, ga ta nan tafe, kowa ya buɗe kunnensa." Muka ce ta iso mu ji.

Wai an yi wani sarki da ba ya son ganin busasshen abu a garinsa. Duk abin da ya fara ja da baya daga kore, a sare a ƙone. Gero ya nuna, ya ce a sare. Dawa ta nuna, ya ce a sare. Gari ya yi fes, ana ta kirari. A cikin masu kai masa ruwan sha akwai wata yarinya, 'yar mai gadin rumbu, ta san abin da ya bushe ɗin nan shi ne irin baɗi. Kullum tana durƙushe a gabansa da ƙwarya, ba ta taɓa cewa uffan ba. Sarki ya ce bai taɓa ganin mai ladabi irinta ba, ya ba ta zane mai tsada. Damina ta faɗi, aka yi huɗa, aka buɗe rumbu, wayam. Gari ya watse.

Wata 'yar maƙwabtanmu ta ce, "Iya, sarkin fa?"

"Sarki rashin sani ne ya ci shi, wannan da sauƙi," in ji Iya. "Ita kuwa mai ladabin, sai ta dafa zanenta ta ci. Nan ta ƙare, ban ƙara mata gishiri ba."

Na yi ta gyaɗa kai ina hararar ƙofar ɗakin Baffa. A zuciyata na ce, gwara da ta yi masa. Da sanyi ya zagayo babana ya sayo mata iri a kasuwa. Ya fito kuwa, kore shar. Iya ta murza ganye ɗaya, ta shinshina, ta yar. "Wannan kusbara ce a suna kawai," in ji ta. Ba ta sake shuka ba har Allah ya yi mata rasuwa.

Shekara da shekaru ina riƙe da haushin Baffa. In ya zo in gaishe shi a durƙushe kamar ba komai. Ran nan, ya tsufa ya yi ritaya, ya zo gidana a Mando na zuba masa tuwo. Ya kai loma biyu ya ce, "Ladidi, ni kam miyar kowa ba ta ƙamshin ta Iya. Wai ina ganyen nan nata ya shiga ne?"

Haba! Sai na ji kaina ya yi zafi. Na zazzage masa komai, fartanyar, ashanar, tsumman da ya zauna babu komai a ciki. Ban rage masa ba. Ya tsame hannunsa daga kwano, idonsa ya cika.

"Innalillahi. Kina wurin?"

"Ina tsaye, Baffa."

"To me ya hana ki ce in bari?"

A nan na gane wadda Iya ta yi wa tatsuniyar. Ina jin haushin waɗanda suka koya mini cewa shiru shi ne tarbiyya, amma haushin kaina ya fi, don su ba sa wurin, ni ce a tsaye. Da na ce, "Baffa, iri ne," da yau irin Iya yana nan a bayan ɗakina.