Kofina da Gwaggo Ta Wanke da Ƙasa

Ƙarar ƙasa a cikin kofi ce ta fara gaya mini akwai matsala. Ina kwance a ɗakinmu na unguwar Sa'alaba, can ƙasar Larabawa, zazzaɓi ya danne ni, sai na ji ana gurzar wani abu a kicin. Na ja jiki na leƙa. Gwaggo ce, ƙanwar babana da ta riƙe ni tun rasuwarsa. Tana tsugune da kofina, ta zuba masa ƙasar da ta ɗebo a bakin ƙofa tana dirzawa. Ta ɗauraye, ta zubar, ta sake, leɓunanta na ƙirgawa. Na san wankin nan. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa, irin wanda ake yi wa kwanon da kare ya lasa.

A lokacin ina rainon yara a wani gida a unguwar Safa. Autarsu ta dawo daga makaranta da tari, ni ma na ɗauka. Likita ya gwada ni, ya ce yana zargin murar aladu ce, ya ba ni magani, ya ce in keɓe kaina. Gwaggo tana zaune ya yi bayanin nan. Cikin duk abin da ya faɗa, alade kawai ta riƙe.

"Gwaggo, me kofina ya yi?"

"Koma ki kwanta, ya binti."

"Kare ne ya sha ruwa da shi?"

Ba ta ɗago ba. "Ni dai ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Me suke ba ki a gidan can? Gwangwanayen nan da maigidan ke kawowa daga Turai, kin san abin da ke ciki?"

"Musulmi ne fa, Gwaggo. Tare muke salla da matar."

"To kin taɓa jin cutar rago ta kama wanda bai kusanci rago ba?"

Na yi sakandare, na san ta tari ake ɗaukar murar nan. Na faɗa mata. Ta ce, "Halas, shi ke nan, na ji," ta kife kofin shi kaɗai a kan taga.

Tun ina ƙarama faranti ɗaya muke ci da ita. Takan turo mini tsokar kaza ta ce haƙoranta sun gaji. Keɓewar ba ta dame ni ba, likita ne ya ce a yi. Amma likita bai ce a ɗebo ƙasa ba. Ba ta fasa dafa mini kunu ba, ba ta fasa yi mini addu'a daga bakin ƙofa ba, sai dai addu'ar ta koma ta shiriya.

Na ji tsoron mutuwa ƙwarai. Numfashi yakan tsaya mini a ƙirji har in kama katifa. Amma abin da ya fi cin raina shi ne: in na mutu Gwaggo tana wannan zato, za ta yarda ta yi mini wanka da hannunta? Har yau in na ji ana share yashi a tsakar gida, sai in tuna da kofin nan.

Da zazzaɓin ya sauka muka koma asibiti, bayan azahar. Likita ya saurari ƙirjina ya ce, "Kin warke, babu sauran tsoro. Ba za ki shafa wa kowa ba."

Na roƙe shi ya gaya wa Gwaggo daga ina cutar take zuwa. Ya gaya mata da Larabci, a hankali, har da ɗan murmushi. Ta gyaɗa kai ta ce alhamdu lillahi.

A bakin asibitin rana ta take, zufa na bin wuyanta. Ta saya mini ruwan gora. Na sha rabi, na miƙa mata kamar yadda muka saba.

Ta karɓa, ta ɗan riƙe, ta mayar da murfin.

"Ba na jin ƙishi," ta ce. "Yalla, mu tafi gida."