Baba, Ya Zo!

A shagon intanet na bakin tashar Madawa akwai wani dogon mutum, siriri kamar karan dawa, gilashinsa ɗaure da zare. Mai shagon ya ce mini sunan mutumin Mahfuzu, shi ya haɗa manhajar da ke sanar da su in rezo, wato sabis ɗin intanet, ya ɗauke ko ya dawo. Yo a garin nan, ai ko akuya ta san rezo ba ya zama!

Sai dai manhajar tasa ba ƙara take yi ba. Da rezo ya dawo, sai muryar wata ƙaramar yarinya ta fito daga kwamfutar tana dariya: "Baba, ya zo!"

Shayin Mahfuzu ya huce a gabansa. Sai ya zare wayar intanet ɗin, ya ɗan jira, ya mayar. "Baba, ya zo!" Ya sake zarewa.

"Haba Malam, mutane na aiki fa!" in ji mai shago.

"Gwaji nake yi."

Mai shagon ya kalle shi, ya ƙyale shi.

Ni dai na tsufa, na ga iyaye kala-kala. Wanda 'yarsa ke gida tana jiransa ba ya zuwa shago jin muryarta.