Tsingaron Randar Inna

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce, don duk wanda zan ambata na san muryarsa. Ni ban shiga lekol ba, wato makarantar boko. Bakina ke faɗa, hannun jikata ke rubutawa. Ita ta ce in faɗa, wai duk inda ta kai tukwanenta, Yawunde ko Duwala, sai an tambaye ta inda ta samo zanen da ke wuyansu.

Ƙamshin yumɓu ne ya tono maganar. Bara, bayan ruwan Binuwai ya janye, jikata ta sauka daga kan moto, wato babur, da jiƙaƙƙen buhu, ta zazzage shi a tsakar gida. Ina kan tabarma ina tsince shinkafa. Ƙamshin nan na bugun hancina sai na ji tire ya yi mini nauyi a cinya. Na koma yarinya a tsugune gindin turmi, Inna mahaifiyata tana bayana.

Inna mutuniyar dutse ce, daga ƙauyukan bayan Tingilin. A danginsu maza maƙera ne, mata magina tukwane. Can wajensu ba a cin tuwo ƙwarya ɗaya da su, ba a neman 'ya'yansu aure, amma kowa ruwan tulunsu yake sha. Baba Bahaushe ne mai fataucin kanwa da goro. A kasuwar Pitowa ya gan ta zaune cikin tukwane, ta musulunta, ya kawo ta Garuwa. Ta bar yarensu, ta bar sunan da aka raɗa mata, amma ba ta bar yumɓu ba.

Da rani take aiki. Ta ɗebo yumɓu a bakin kogi, ta jiƙa shi kwana uku, ta tattake shi da ƙafa har ya yi laushi. Ni kuwa aikina daka tsingaro, wato guntayen fasassun tukwane, sai sun koma gari, a zuba cikin kwaɓin don kada wuta ta fasa tukunya. Kowane tsingaro yana yi. Amma Inna tana da wata 'yar ƙwarya dabam a ƙarƙashin gado, kuma ba ta taɓa kwaɓi ba sai ta ɗauko guntu ɗaya daga ciki ta jefa mini a turmi.

Ran nan na tambaye ta dalili. Ta ce, "Wannan na tukunyar uwata ne. A cikinsa akwai na uwarta, a cikin wancan akwai na tata uwar. Haka ake yi, don kada tukunya ta shiga wuta ita kaɗai."

Tana kuma da wani ɗan itace, tsawonsa bai wuce yatsa ba, an yi masa tsaga-tsaga kamar ƙayar kifi. Tukunya tana ɗanya za ta mirgina shi da tafin hannu a wuyanta, zane ya fito ya zagaye ya haɗu da farkonsa. Ran gashi kuwa, bayan la'asar idan iska ta kwanta, a jera tukwane a bayan gida, a lulluɓe su da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu. Inna ta tsaya da doguwar sanda tana sauraro. Idan ta ji "tas" sai ta runtse ido kamar ita aka mara.

To, ku ji inda na ɓata. Kakata ta wajen uba ta ware wa Inna moɗar shan ruwa. Ina gani. A makarantar allo 'yan mata su riƙa janye zani idan na zauna, suna cewa, "Matsa can, 'yar mai kwaɓa, kada ki shafa mana ja." Ina ji. Na fara ƙirgar dangi ke nan na daina zuwa gindin turmi. Inna ta kira ni ta ce, "Zo ki sa hannu, ko kasko ne ki gina."

Na ce, "Inna, ni ba zan yi warin laka ba."

Ba ta zage ni ba. Ta dubi hannuwanta, ta goge su a zani, ta ɗauki taɓarya ta daka abinta.

Da aurena ya zo, wanda nake so na samu, tela ne ɗan gidan malamai. Na roƙi Baba kada a sa mini ko tukunya ɗaya ta ƙasa cikin jere, sai kwanukan samira da kwalla. Aka yi mini yadda na so. Ran kwana uku da tarewata, rana tsaka, zafin Garuwa yana dafa ƙafa, aka ce ana sallama da ni. Na leƙo, ga Inna da randa a ka, ƙatuwa, ja wur, zanen ƙayar kifi a wuyanta. Da ƙafa ta zo tun daga unguwarmu. Ta sauke ta a bayan ɗaki inda baƙi ba za su gani ba, ba tare da na ce mata ba. Ta kama hannuna ta danƙa mini ɗan itacen nan.

Ta ce, "Ran da randar nan ta fashe, kada ki zubar. Ki ajiye ko guntu ɗaya. Wata za ta zo ta nema."

Na ce, "Wa zai nema, Inna? Zamanin kwano ne."

Ta nemi ruwa. Na ba ta a tsaye a bakin ƙofa, don dangin mijina suna ciki. Ban ce mata ta shigo ba.

Randar ta daɗe. Da ruwanta na yi goyon 'ya'yana duka, kuma ko a watan da kwalta ke narkewa ruwanta sanyi ƙalau. Inna ta rasu, randa tana nan. Sai wata damina ragon layya ya tsinke ya bangaje ta, ta rabu gida-gida. A lokacin ƙofar gidanmu ta yi taɓo, masu shiga suna zamewa. Na share guntayen na zuba a taɓon don a sami wurin taka ƙafa. Kada in yi muku ƙarya, na tuna maganar Inna. Ina zubawa ina tunawa. Na ce gobe zan ɗauki ɗaya. Aka kwana ana ruwa, ƙafafu suka bi ta kai, gobe ta wuce. Daga baya aka zo aka yi lambatu na siminti a wurin, aka shimfiɗa hanya.

Jikata kuwa tun tana ƙarama ta tsinci ɗan itacen a cikin tsohuwar kwallata. Ta riƙa tsoma shi a tawadar allo tana mirginawa a takardun lekol. Ta tambaye ni na mene ne, na ce abin wasa ne, a kasuwa na tsinta. Ta girma ta tafi karatun zane. Yanzu sana'arta ke nan: ta sassaƙa katako, ta shafa tawada, ta danna takarda a kai, hoto ya fito, ta kuma gina tukwane waɗanda ba a girki da su, kallo kawai ake yi. Kuma a duka, zanen ƙayar kifin nan ne.

Can inda ta koya a tanda ta lantarki suke gasawa. Bara ta ce tana so ta gwada irin na da, da yumɓun garinsu da wutar kara. Ta gina, ta jera, ta cinna. Na ji "tas", na runtse ido. Na sake ji. Kafin in kama bakina na ce, "Ba ki sa tsingaro ba."

Ta juyo, fuska duk toka. "Tsohuwa, ke da ko laka ta taɓa takalminki sai kin wanke, ina kika san tsingaro?"

Na ce, "Ja'ira, zauna." Na faɗa mata abin da na faɗa muku, ban rage komai ba, har ruwan da na ba Inna a tsaye.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Kaka, shekara nawa ina gaya wa mutane ban san mai zanen nan ba. Ashe jinina ce." Ta share ido da bayan hannu. "Ina guntun?"

Na nuna mata lambatu.

Ba ta haƙura ba. Ta buga zanen a takardu, ta ɗauke ni a moto muka bi tsofaffin gidaje ɗaya bayan ɗaya, har Pitowa muka je ran kasuwa, ko wata tana da tulun Inna a lungu. Duk inda muka shiga sai bokitin roba da jarka. Wata tsohuwar Bafulatana ta riƙe takardar ta ce ta san zanen, shi ne a wuyan tulun ruwanta tana amarya, amma ya fashe tun ba a haifi babban ɗanta ba.

Da muka gaji, jikata ta ajiye mini curin yumɓu a gaba. Ta ce, "Gina." Na ce ban iya ba. Ta ce, "Ko kasko ne." Kalmar Inna ce sak, alhali ba ta taɓa jin muryarta ba. Na sa hannu ina kuka. Na gina wani karkataccen abu da ko kaza ba za ta sha ruwa a ciki ba. Ta gasa shi, ta ɗaga shi ta fasa a gabana, ta zuba guntayen a turmi, ta miƙo mini taɓarya.

Ta ce, "Daga ke za mu fara."

Na daka. Tukwanenta sun daina fashewa. Amma ni na san su wa da wa babu a ciki.

Baba ya rasu a kan hanyar fatauci, can aka binne shi. Kakata ta makance a ƙarshe, Inna ce ta yi jinyarta, da moɗar nan da ta ware wa Inna take ba ta ruwa. Mijina ya riga ni gidan gaskiya, bai taɓa sanin randar wa yake sha ba. Jikata tana nan, ta sami 'yar ƙwarya ta zuba sauran guntayen kaskona, ta tura ƙarƙashin gado. Ni ga ni, ido ya fara hazo, hannu yana warin laka.

Inna kuwa, ran da ta rasu, tukwanen da suka rage a ɗakinta da su aka rufe kabarinta, kamar yadda ake yi. Suna can tare da ita, da uwarta a ciki, da uwar uwarta. Ba ta shiga ita kaɗai ba. Nan maganata ta tsaya, wanda ya ji ya sa ta a addu'a.