Randar Kifin Baba

Akwai wata 'yar ƙara da farce ke yi idan yana tafiya a kan gilashi ya tarar da karce. Ƙyas ce kawai, in ba ka kasa kunne ba ma ba za ka ji ta ba. Amma ni duk inda na ji ta sai in tsinci kaina a falonmu na Kakuri ina 'yar firamare, ruwan sama yana dukan kwanon rufi, ƙamshin citta yana tashi daga zanin kakata. Jiya na sake jin ta ina wanke akwatin kifin da ke falona, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ka labarinsa.

Babana ma'aikacin masaƙa ne. Da aka rufe masaƙar, kowa ya fito da abin da rabonsa ya ba shi, wani kujera, wani fanka. Baba kuwa sai ga shi ya turo baro da wani akwatin gilashi, jajayen kifaye suna ta kai da kawo a ciki. A ofishin karɓar baƙi yake ajiye, kuma da yake shi ke ba su abinci tun da daɗewa, manajan ya ce ya tafi da shi. Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, "Mazan mutane suna kawo abin da za a ci, kai ka kawo mana masu ci." Baba ya yi dariya ya ce a matsa masa hanya.

Daga baya ya sami aiki a wani kamfani a Kudenda. Da sassafe yake fita, sai yamma liƙis ya dawo, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba. In ya yi wanka ya ci tuwo, sai ka ji ƙiii, ya jawo kujerarsa ta ƙarfe zuwa gaban akwatin ya zauna. Ba ya karatu, ba ya kunna rediyo, kallon kifayen kawai yake yi har kafaɗunsa su sauko. In an ɗauke wuta injin da ke busa musu iska ya tsaya, sai ya ɗauki kofi yana ɗibar ruwan yana tsiyayawa daga sama. Mu yara mun san wannan lokacin ba na kawo ƙara ba ne.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo mana ne a farkon wata damina bayan rasuwar kakanmu. Daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna aka ɗauko ta, da buhun citta da ƙullin acca da idanun da yana ta fara rufewa. Ɗaki ɗaya muke kwana da ita, kuma ban taɓa son wani mutum da sauri kamar yadda na so ta ba. Mace ce da ta yi noma duk rayuwarta, wadda a ƙauye ake kwatance da tukwanenta saboda ƙyalli. To amma Mama mai ladabi ce, ladabin nan har ya yi yawa. Kaka ta ɗauki tsintsiya, sai ka ji Mama ta ce wa surukar tata, "Mama, ki huta." Ta nufi wajen wanke-wanke, "Haba Mama, muna nan za ki yi? Ki huta." Haka aka hutar da tsohuwar nan har ta fara ramewa.

Akwatin kifin ya fi komai ɗaure mata kai. Ba ta taɓa kiransa akwati ba, randar kifi take ce masa, don a wurinta duk abin da ke riƙe ruwa a cikin ɗaki randa ne. Takan tambayi Baba yaushe za su girma a sa su a miya, shi kuma ya ce ba a cin waɗannan. Sai ta girgiza kai ta ce birni da abin mamaki yake, ga kifi ga yunwa ana kallon juna.

Wata Lahadi gwiwarta ta matsa mata, muka tafi sujada a coci muka bar ta ita kaɗai. Ka san randa a ƙauye, ba a barin ta ta yi kore. Ita kuwa ta daɗe tana hango koren gansakuka a jikin gilashin, duk da raunin idonta, tana jin kunyar a ce akwai mata a gida randa ta yi haka. Da muka dawo, sai muka tarar da kifayen a cikin bahon wanki a ƙarƙashin tebur, lafiyarsu lau, a cikin ruwansu na asali, don ta san kifi ba ya son baƙon ruwa. Akwatin kuwa ga shi nan fayau, an wanke shi da toka da yashi da soson ƙarfe, kamar yadda take wa tukunyar tuwo. Kaka na zaune a gefe ta harɗe hannu, fuskarta cike da murna irin wadda ban gani ba tun zuwanta.

Gilashin gaba ya yi fari-fari, duk siraran zane sun cika cikinsa. Baba ya tsaya da Littafi Mai Tsarki a hammata ya daɗe yana kallo. Can ya ce wa Kaka, "Sannu da aiki, Mama." Ya mayar da ruwan da kifayen, amma yanzu kamar ta cikin hayaƙi kake hango su.

Daga ranar ya daina jan kujera. In ya ci tuwo sai ya fita ƙofar gida ya zauna a kan dakali. Kaka ba ta ganin zanen da ke gilashin, amma kunnenta garau yake. Wata rana na dawo daga makaranta tana ɓare gyaɗa a ɓoye kada Mama ta gani, sai ta ce, "Ke, me ya sa ban ƙara jin kujerar babanki ba?" Ni kuma da bakin yaro na ce mata ai gilashin ne ya yi yana kamar idonta. Ta ajiye gyaɗar.

Washegari ta haɗa kayanta a jakar buhu ta ce a kai ta Sabon Tasha ranar Asabar ta hau motar gida. Baba ya durƙusa ya roƙe ta, ya ce gilashi ne fa kawai. Ta ce, "A nan ba a bar ni in yi komai ba, abu ɗaya da na yi kuma na ɓata maka. A gida ko ba na gani na san inda gonata take." Duk mun san abin da ke gida. Rufin ɗakin yana zuba, babu kowa sai maƙwabta, ga rijiya ba murfi ga tsohuwa da ba ta ganin gabanta sosai. Na yi kuka har na ƙi cin abinci, don na san in ta tafi ba lallai in sake ganin ta ba.

Mama ce ta ɗaura ɗankwali ta tafi wurin maƙwabcinmu. Ɗan Ibo ne mai shagon gilashin mota a bakin titi, a Kaduna aka haife shi, Hausarsa a cakuɗe da Turancin kasuwa, mu kuma Oga muke ce masa. Ya zo ya sa aka sake kwashe kifayen zuwa baho, aka tsiyaye ruwan a bokitai, ya leƙa ciki ya yi fito.

Ya dubi Kaka ya ce, "Mama, na you do this one? Ke kika yi wannan? Kai, hannunki akwai ƙarfi o!"

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗana, zai gyaru ko ba zai gyaru ba?"

Ya ce farce ne zai faɗa. A bi zanen da farce a hankali, in farcen ya wuce sumul to karcen a sama yake, zai fita da guga. In kuwa ya tsaya, ya yi zurfi, sai haƙuri. Ya gwada da nasa, amma aikin gilashi ya cinye masa farata, duk guntaye ne. Sai Kaka ta matso ta zura hannu. Farcen babban yatsanta mai kauri ne, na kankare citta. Ta rufe idon da dama ba ya mata aiki, ta fara bin gilashin daga sama zuwa ƙasa tana cewa, "Nan ya wuce. Nan ma ya wuce." Ta daɗe tana haka. Can ƙasa wajen kusurwa muka ji ƙyas. Ta ce, "Nan ya tsaya." Wata 'yar tsakuwa ce ta maƙale a soson ranar ta ja layi.

Oga ya kawo wata hoda a gwangwanin madara, launinta kamar jar ƙasa da aka sirka da alli, wadda yake goge gilashin mota da ita. Ya dama ta da ruwa ta yi kamar koko, ya yanko guntun tsumma mai kauri da laushi. Ya nuna yadda ake yi, a riƙa zagayawa a hankali, ba dannawa, kuma kada a bari wurin ya bushe. Ya ce yana da inji, amma inji na sa gilashi zafi, wannan kuma siriri ne, yana iya tsagewa. Da hannu za a yi, kuma aikin kwanaki ne, shi ga shago. Baba ma ga aiki.

Kaka ta ce, "Ni na ɓata, ni zan gyara."

Ina kallon bakin Mama ya buɗe, na san abin da zai fito. Sai ta dubi jakar buhun da ke jingine a bakin ƙofa, ta rufe bakin, ta shiga ciki ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta ajiye wa Kaka.

Aka kwantar da akwatin a kan bargo a baranda. Kwanakin nan su ne na fi so a duk ƙuruciyata. Ruwa na zuba daga bakin kwano, ƙamshin gasasshiyar masara na shigowa daga titi, Kaka ta zura hannu har kafaɗa tana zagayawa tana rera waƙar coci da yarenmu a ƙasan maƙoshi. In wurin ya fara bushewa, yatsunta ke sanar da ita, sai ta yayyafa ruwa. In na dawo makaranta takan share wuri ɗaya ta ce in haska tocila ta gefe in duba mata, in ce saura ko ya fita. Kifayen suna cikin baho da tiyon iskarsu, Mama ta koma wanki a bokiti ba ta yi ƙorafi ba. Oga kan biyo in ya rufe shago ya duba aiki, Kaka ta sa a zuba masa paten acca, yana ci yana cewa zai ɗauke ta aiki a shagonsa.

Asabar ta zo ta wuce, ba wanda ya ambaci Sabon Tasha. Jakar tana nan a bakin ƙofa, sai dai kullum raguwa take yi. Yau a ciro zani, gobe a ciro sabulu, har ta kwanta a ƙasa ba komai a ciki, Mama ta naɗe ta ta cusa ƙarƙashin gado.

Da aka gama aka ɗauraye akwatin, aka sake ɗaurayewa, don Oga ya ce ko ɗigon hodar kada ya rage a ruwan kifi. Gilashin ya fito tas, sai layin nan ɗaya na kusurwa mai tsawon ɗan yatsa. Kaka ta so ta ci gaba da gugarsa, Oga ya hana, ya ce in aka matsa wurin zai yi rami gilashin ya yi rauni. Mama ta ce to a juya wannan gefen ya kalli bango. Baba ya ce a'a, a bar shi yadda yake.

Da yammar ranar, bayan an ci tuwo, muka ji ƙiii. Kaka ta ɗaga kai. Sai kuma muka sake jin wani ƙiii ɗin, Baba ya jawo kujera ta biyu ya ce wa Kaka, "Mama, zo ki ga randarki." Ja-ja kawai take hangowa yana motsi, amma ta zauna, kuma tun daga ranar wurin zamanta ke nan kowace yamma har Allah ya ɗauke ta shekaru bayan haka. Tukwanen gidanmu kuwa suka koma hannunta, ba a taɓa ganin ƙyallinsu irin na lokacin ba.

Yanzu ina Unguwar Boro da mijina da yarana. Masaƙar ciyawa ta cinye ta, ɗan Oga ne ke riƙe da shagon, Baba ma ya bi Kaka. Akwatin ne ya zama rabona, ban nemi komai ba sai shi. A kasuwa yau har wani maganaɗisu ake sayarwa na goge gilashin kifi ba tare da ka jiƙa hannu ba, mijina kuma ya sha cewa a canza gilashin gaban ko a sayi sabo. Nakan ce masa ya bar min kayana.

Mama tana wurina tun bara, gwiwa ta fara damun ta, gashi ya yi fari fat. Jiya ina durƙushe da hannu a cikin akwatin, farcena ya bi ta kusurwa ya yi ƙyas. A daidai lokacin na ji motsin tukwane a kicin. Na leƙa na gan ta tana naɗe hannun riga. Har "ki huta" ta zo min baki, na haɗiye ta. Na ɗauko soso da sabulu na miƙa mata, na jawo mata kujera 'yar tsuguno. Ta karɓa tana murmushi ta ce, "Kada ki damu, ba zan taɓa randar ba."