Baba Mai Fenti da Direbarsa

Surukina mai fenti ne, amma ba na bango ba. Allon shaguna yake rubutawa: ya sa sunan shago, ya zana almakashi a ƙofar mai aski, ya zana taya a gun mai faci. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, kuma kusan duk allon da ke titinmu, daga tashar mota har gada, aikin hannunsa ne. Lokacin da na auri ɗansa, na tarar da shi a ɗan shagonsa da ke ƙarƙashin matakalar wani bene, gwangwanayen fenti jere a kan katako, burushi a jiƙe cikin kananzir, wandonsa kuwa babu kalar da ba za ka samu a jikinsa ba. Mutum ne mai son hira. Idan yana jan layi yakan yi tsit, harshensa ya ɗan leƙo ta gefen baki, da zarar ya ɗaga burushin kuma sai ya ɗora zance daga inda ya tsaya.

Yanar ido ce ta raba shi da aikin. A hankali ta shigo masa, yana ɓoyewa, har ranar da wani mai shagon takalma ya dawo masa da allo saboda haruffan sun hau kan juna. Baba bai yi musu ba. Ya kulle shagon, ya ba maigidana makullin. Da ma surukata ta riga ta rasu, don haka muka ɗauko shi ya dawo wurinmu, a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, za a iya cire yanar. Baba ya ce atafau, idon da ya ci abinci da shi ba za a kusanto masa da wuƙa ba. Ya samu kujera a gefen taga ya zauna, rediyo a kan cinya. Mai surutun nan ya koma sai an tambaye shi yake amsawa.

A gidan kuma akwai wata mai shirun. 'Yarmu ta fari ta haura shekara uku ba ta ce uffan ba. Tana ji sarai, tana dariya, tana fushi, amma komai da yatsa take nunawa. Ta nuna kofi, na miƙo. Ta nuna ƙofa, babanta ya buɗe. Mun kai ta asibiti, aka duba kunne aka ce lafiya lau, mu dai riƙa yi mata magana. Magana kam mun yi har bakinmu ya gaji. Idan na ga 'ya'yan maƙwabta waɗanda ta girma suna zuba kamar rediyo, sai na shige kicin na kunna famfo don kada a ji ni.

Ni a gidan burodi nake aiki, tun safe nake fita sai bayan azahar. Maigidana mai gyaran wutar lantarki ne, shi ma yini yake a waje. Maƙwabciyar da ke riƙe mana yarinyar ta tashi daga unguwar, muka rasa yadda za mu yi. Muna cikin tattaunawa a falo sai Baba ya rage muryar rediyo.

"Ku bar min ita," ya ce.

Maigidana ya kalle ni, na sunkuyar da kai.

"Na san abin da kuke tunani," Baba ya ce. "Ɗaya ba ya gani, ɗaya ba ta magana. To ai mun dace, ba mai kai ƙarar wani."

Rabon da na ji ya yi wasa har na manta. Muka yarda, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Farkon zaman nasu bai yi daɗi ba. Takan tsaya a gabansa tana nuna abin da take so, shi kuwa inuwarta kawai yake gani. Ta nuna, ta sake nunawa, ta buga ƙafa, ta fashe da kuka. Yakan ce mata, "Yi haƙuri, ni ban iya yaren yatsa ba." Da ta ga nuni ba ya ci, sai ta koma kama hannunsa tana ja. Ta ja shi zuwa firiji, ta ja shi zuwa inda 'yar tsanarta ta faɗa. Wata rana ta ja shi zuwa ƙofa, shi kuma ya laluba ya sa takalmi.

Na dawo daga aiki ran nan na same su zaune a ƙasan matakala, a bakin titi, tana cinyarsa suna shan iska. Na tsorata, amma kunyar suruki ta hana ni cewa komai sai, "Baba, kun sauko?"

"Direba ce ta kawo ni," ya ce. Daga ranar sunan ya bi ta.

Kullum sai sun ƙara nisa kaɗan. Shi ya san titin kamar tafin hannunsa, ya san inda kwata take da inda dakali ya karye. Ita kuma tana da ido. Yana riƙe da hannunta a dama, sanda a hagu, suna tafe yana ba ta labarin kowane allo. Wannan na mai kayan marmari ne, kore ne da rawaya, shi ya zana abarbar. Wancan na mai ɗinki ne, fari da baƙi, ranar da ya kafa shi tsani ya kusa kayar da shi. Yakan tsaya ya sa ta taɓa ƙofar shago ya ce mata wannan ja ce, waccan ruwan toka. Duk daga ka yake faɗa, ita kuma tana kallo ba ta cewa komai.

Mai aski ne ya ba ni labarin abin da ya faru a ƙofarsa, don ni ina wurin aiki. Ya ce sun iso kamar kullum, Baba ya ɗaga sanda ya nuna sama.

"Kin ga wannan allon? Ja ne. Irin jan da na haɗa masa babu mai iya haɗa shi a garin nan."

Yarinyar ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A'a."

Baba ya tsaya cak. "Wa ya yi magana?"

Ta ja hannunsa ta sake cewa, "A'a. Shuɗi."

Ashe tun watannin baya rana ta cinye jan, mai askin ya sa wani ya sake masa allon da shuɗi, ya kuma kasa gaya wa Baba don kunya. Ya ce ya fito da almakashi a hannu bai san me zai fara da shi ba, ban haƙuri ko murna. Baba kuwa ya durƙusa a kan dakalin yana lalubar fuskarta, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"Ka ji min," ya ce wa mai askin. "Duk shirun nan, ashe jira take ta ƙaryata ni."

Da na dawo aka gaya min, ban gaskata ba sai da na sauka da ita da kaina na nuna allon. Ta kalle ni kamar mai mamakin yadda babba kamata ba ta san abu mai sauƙi haka ba, ta ce shuɗi. A tsakiyar titi na rungume ta, rigata duk garin fulawa.

Daga nan Baba ya ƙirƙiro musu wasa. Suna tafe sai ya ce, "Direba, me kike gani?" Da fari kalma ɗaya take ba shi: mota, kare, rami. Shi kuma ba ya barinta a nan. Wace irin mota? Karen yana tsaye ne ko yana kwance? Yakan yi kuskure da gangan, ya ce ai ya ji akuya ce, don ta yi gardama. Sun gano filin wasa a bayan makarantar unguwa, mai lilo da wata babbar bishiya da tattabaru ke sauka a ƙarƙashinta. A can suke yin hantsi. Ya koyi tafiya irin tata, wadda ba ta san sauri ba. Idan ta tsugunna kallon tururuwa, shi ma ya tsugunna, tana gaya masa wadda ta ɗauko kaya da wadda ta dawo hannu biyu. Ranar wanki kuwa sai na zazzage aljihunansa, don ba a rasa tsakuwa da gashin tsuntsu da marafan kwalba da ta ba shi ajiya. Ƙafafunsa da suka fara kumbura saboda zama suka sace, abinci ma ya koma yana neman ƙari.

Wata safiya a filin, yana tura ta a lilo, sai ta diro ta bi wani ƙwallo da iska ta gangaro da shi. Ya ji lilon ya dawo masa ba nauyi. Ya kira ta, shiru. Filin babu kowa a lokacin, kuma ya san can gefe akwai wurin da wayar shingen filin ta yage, bayansa titi ne mai manyan motoci. Daga baya ya gaya wa ɗansa cewa a ransa ya so ya ruga, amma bai san ta ina ba. Sai ya tsaya inda yake, ya danne muryarsa kamar ba komai, ya ce, "Direba, me kike gani?"

Can nesa ya ji ta ce, "Ƙwallo."

"Sai me kuma?"

"Waya. Babbar mota."

"Madalla. Zauna a ƙasa ki gaya min kalar motocin, kada ki bar ko ɗaya."

Ta zauna tana lissafa masa, fara, ja, wata farar, shi kuma yana bin muryar da sandarsa har hannunsa ya sauka a kanta. Tana dab da yagaggiyar wayar.

Bai ɓoye mana ba. Muna dawowa ya zaunar da mu ya faɗi komai, sannan ya ce ya daina fita da ita, amanar ta fi ƙarfinsa. Na ce, "Baba, ai kai ka dawo da ita." Ya koma kujerarsa ta gefen taga.

Ita kuwa ba ta san an yanke wani hukunci ba. Kowace safiya takan kwaso takalmansa ta ajiye a gabansa ta tsaya. Ya ce yau ba zuwa, ta tambayi dalili, ya ƙara muryar rediyo. Ana haka har wata rana da muke cin abinci ta dube shi ta ce, "Kaka, tattabaru suna nemanka." Maigidana ya kusa ƙwarewa don dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye cokali ya ce wa ɗansa, "Likitan nan na ido, har yanzu yana nan?"

Ido ɗaya aka fara yi. Ranar da za a shiga da shi, yana ta tambayar ma'aikaciyar jinya ko likitan ya karya kumallo. Da aka cire bandejin muna tsaye mu uku a gabansa. Ya ƙifta ido, ya dubi ɗansa ya ce ashe ya yi furfura bai gaya masa ba. Sannan ya sauke kallonsa kan yarinyar. Rabonsa da ganin fuskarta sosai tun tana jaririya. Ya daɗe yana kallo.

"Haba Direba," ya ce a hankali, "duk kyan da ke danginmu, kunnuwana kika zaɓa?"

Ta kama kunnuwanta da hannu biyu ta ce nata ne.

Ɗaya idon bai yi kyau kamar na farko ba, kuma hannunsa ya riga ya fara rawa, don haka bai koma sana'a ba. Bai damu ba. Ya samu wata. Yanzu shi ke raka ta makarantar yara da safe, idan aka tashi ya biya da ita filin. Shi ya yi ta zarya wurin shugabar makarantar har aka gyara wayar nan. Iyaye mata na benenmu sun fara haɗa shi da nasu yaran, sai ka gan shi a gaba da sanda, 'yan ƙanana na biye suna gardama a kan wa zai riƙe masa hannu.

Ranar hutun da ta wuce muka tafi bakin rafi gaba ɗayanmu, bayan gada, inda ruwan bai kai gwiwa ba. Na shimfiɗa tabarma a inuwa. Maigidana ya naɗe wando ya shiga da yarinyar suna neman ƙananan kifaye da kwano, ni da Baba muka rage a kan tabarma. Na daɗe ina son na yi masa godiya, amma duk lokacin da na buɗe baki sai nauyinsa ya kama ni. Ranar na daure.

"Baba, abin da ka yi mana, ban san da wane baki zan gode ba."

"Ni?" ya ce. "Ni fasinja ne kawai. Miƙo min ruwan nan."

Na miƙa masa. Ya sha, ya ajiye kofin.

"Ke ce kika yi ƙoƙari, 'yata. Kin ba makaho 'yarki kika tafi aiki, ba ki taɓa nuna min tsoronki ba. Ina jin yadda kike hawo matakala da gudu idan kin dawo."

Daidai lokacin santsi ya kwashe maigidana ya zauna daɓas a cikin ruwa, kwanon ya bi rafi. Yarinyar ta juyo tana kiran kakanta ya zo ya ga abin da babanta ya yi. Baba ya ce ya gani da idonsa, amma duk da haka ya cire takalmi, ya ba ni agogonsa na riƙe masa, ya gangara wurinsu.